Kwanon Da Ya Dawo Da Ƙullinsa

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin Mansir da kakarsa. Wanda ya ba ni ya ce a kan idonsa aka yi, ni kuwa ban sa shi rantsuwa ba.

Ranar wata Juma'a ce, an sauko daga masallaci, Mansir ya ratsa lungunan Fadaman Mada ya nufi gidan kakarsa, Dada Madina. Shi Mansir yana da ɗan shago a bakin kasuwa, yana gyaran waya, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ranar nan tafe yake kamar wanda aka yi wa albishir, hula a karkace, ga wata ƙaramar sifika sabuwa fil a aljihun rigarsa. Ya tarar da tsohuwar zaune a inuwar darbejiya, da wani kwano a gabanta ƙulle cikin ɗankwali. Tun daga zaure ya fara.

"...alaikum, amaryar ƙarni, mai haƙori uku da rabi! An wuni lafiya, ko yau ma gwiwar ce?"

"Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar mijin nan nawa da ba ya cefane? Shigo, ango mai wuyan zalɓe. Ai na ɗauka ka mutu ne aka ɓoye mini don kada in yi takaba sau biyu."

"Ni in mutu in bar ki? Ke da za ki binne mu kaf. Mutuwa ma in ta leƙo gidan nan sai ta ce, a'a, wannan ta girme ni."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Zauna, ka tare mini iska da kunnuwan nan naka kamar faifai."

Mansir ya tsuguna, idonsa ya faɗa kan kwanon. Ya miƙa hannu.

"Ƙamshin fura nake ji. Ashe dai kina sona, kunya ce ke hana ki faɗa."

Ta kai wa hannun duka da mafici.

"Ba taka ba ce."

"To ta wa? Kin yi mini kishiya namiji ne ban sani ba? Faɗi sunansa yanzu in ba ki takardarki."

"Takardar da ka ba ni ran Sallah ma na ƙulle daddawa da ita."

Maganar ta fito daidai yadda ta saba, amma fuskar ba ta bi ta ba. Mansir ya lura. Sai dai albishirin da ke cikinsa yana ƙona shi, don haka ya kau da kai. Ya zaro sifikar ya ajiye a kan tabarma.

"Kin ce ba na cefane. To yau na kawo miki abin da ya fi cefane. Na mai da ke shahararriya, tsohuwa. Gyara kallabi ki saurara."

Ya danna. Kiɗa ya tashi, irin na situdiyo mai bugun ƙirji, sai ga wata tsohuwar murya tana bi ta kansa a hankali:

"Obadiya ɗan lelena,
na dama kunu ya huce,
na ɗaga zane ba kowa."

Mansir yana kaɗa kafaɗa yana murmushi.

"Kin gane muryar? Ranar sunan ɗan ƙanwata Bilkisu ne, kina ɗaki ke kaɗai kina jijjiga jariri. Na laɓe bayan labule na ɗauka. Na ɗora a shafina, na rubuta, sabuwar waƙar Dada Madina. Mutum dubu arba'in suka kalla, Dada! Jiya a wani biki a GRA da ita aka tashi. Matan manya suna juyi, ke kina nan kina faɗa da kaji."

"Kashe."

"Tsaya ki ji inda kiɗan ke..."

"Na ce kashe, Mansiru."

Ya kashe. Rabon da ta kira sunansa kai tsaye har ya manta. Kullum ango ne, ko mijin banza, ko ɗan nema.

Ya yi 'yar dariya don ya mayar da wasan kan hanya.

"Haba amarya, fushin na mene ne? Ko don ban ba ki sarautar zabiya ba? Ni ma fa an cuce ni. Ni muryarki kawai na ɗora, tsura. Wani ɗan situdiyo ne ya sauke, ya zuba mata kiɗa, ya manna sunansa a kai, ko sallama bai yi mini ba. Kin ga rashin ta-ido?"

"Ayya. An yi wa ɓarawo sata. Ashe wanzami ba ya son jarfa."

"Ni ne ɓarawon?"

"To me kake yi a shagon nan tun safe har yamma? Mutum ya ƙone maƙogwaronsa ya yi waƙa, kai ka zauna a kan benci ka matse ta cikin ɗan abu kamar farce, ka miƙa wa duk wanda ya zo. Ka taɓa zuwa ka ce, wane, ka yarda? Kakanka shanun mutane ya yi kiwo shekara talatin, ko ƙwaryar nono bai taɓa tatsa ba sai mai saniya ya ce tatsa."

"Saniya daban, waƙa daban. In ka tatsi saniya nono ya ragu. Waƙa kuwa ko sau dubu na tura tana nan a bakin mai ita. Iska ce, kowa ya shaƙa."

"Iska ce? To me ya sa bara, da 'yan ƙungiyar mawaƙa suka zo zagayen shaguna da wani mai takarda a hannu, ka cusa kwamfutarka cikin buhun albasar maƙwabcinka? Mako guda in ka shigo gidan nan sai idona ya yi hawaye. Iska kake ɓoyewa?"

"Wa ya gaya miki wannan? Bilkisu ko? Zan gamu da ita."

"Albasa ce ta gaya mini."

Mansir ya sosa ƙeya.

"To, waɗancan waƙoƙin masu kamfani ne. Akwai wani lauya da ke kawo mini gyaran waya, ya ce wai ko ba takarda, wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ke da abinsa. Na ji. Amma ke ai matata ce. Abin mata na miji ne."

"A wane littafin? Nuna mini malamin da ya karantar da kai in aika masa da tsumagiya. Kuma da tawa ce ma, da sauƙi. Da na zage ka, na zagi kunnuwanka, mun wuce wurin."

"Ba taki ba? Dada, da waƙar nan kika yi renon innata. Da ita kika rene ni. Kowa a gidan nan ya san..."

Ta jawo kwanon gabanta, ta ɗora yatsa a kan ƙullin ɗankwalin.

"Dubi nan. Ƙullin wa ka gani?"

"Naki. Irin wanda sai an sa haƙori."

"Da hantsi na ƙulla shi, na ba Abdulsalam mai keke ya kai Gubi, gidan Christiana, kamar kowace Juma'a. Ka san Christiana."

"Mama Christiana mai ƙosai? Wadda ke cewa zan auri jikarta in na yi ƙiba?"

"Ita. Shekara arba'in da wani abu kwanon nan yana tafiya yana dawowa. Ni in zuba fura, ita ta wanke ta zubo gyaɗa, ko yakuwa, ko ƙosai. Ranar da ba ta da komai ta taɓa saka mini barkono guda uku, don dai kada ya dawo wayam. Lokacin da gari ya rikice aka hana fita ma, sai da ya tafi ya dawo. Yau ya dawo da ƙullina."

Mansir ya zuba wa ƙullin ido.

"Abdulsalam ya tsaya a ƙofarta da waƙar nan tana tashi a kekensa. Ta fito karɓar kwano, ta tsaya cak. Ta ce muryar wa ke nan. Shi kuma, bawan Allah, yana washe baki ya ce, ai ƙawarki ce, ta yi suna, duk gari ita ake rawa da ita. Ya ce ta daɗe riƙe da kwanon. Sannan ta miƙo masa, ta ce ya gaya mini ta gode, ta ƙoshi."

"Dada... wane ne Obadiya? Ni na ɗauka suna ne kawai kika saka don ya dace da waƙa."

"Ɗan Christiana ne na fari. Muna zama kusa da juna a bakin tasha, ni da ƙwaryar nono, ita da kaskon ƙosai. Yaron yana yawo tsakaninmu, ya ci can ya sha nan. Shekararsa uku ƙyanda ta ɗauke shi. Kwana bakwai ina gidanta, ba ta kuka, ba ta magana, sai waƙar nan. Ran na bakwai ta kama hannuna ta ce, Madina, karɓa ki ajiye mini, in na ci gaba da yin ta zan bi shi. Daga ranar ba ta ƙara ba. Ajiya ce, ango. Ajiya aka ba ni."

Kaza ta zo ta leƙa kwanon, babu wanda ya kore ta. Mansir ya tuna matan nan na GRA da ya gani a bidiyo, suna juyi suna amsa na ɗaga zane ba kowa, suna dariya. Ya tuna shi kansa ya taka a shago. Kunya ta rufe shi, kuma ka san ɗan'adam, in kunya ta matse shi sai ya nemi wanda zai raba wa.

"To amma tsaya, tsohuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ajiya aka ba ki, ke kuma kika mai da ita abin renon jikoki. Shekara arba'in muna cewa waƙar Dada, waƙar Dada, ko sau ɗaya kin taɓa cewa ba taki ba ce? Kin nemi izininta kafin ki rera mana? Ni da waya na kwafa, ke da baki. Mu biyu sai a ɗaure mu da igiya ɗaya."

Ya jira mafici. Bai zo ba.

"Wannan karon kunnuwan sun yi amfani," in ji ta. "Gaskiya ka faɗa. Da farko cire sunan nake yi, in saka na wanda ke bayana. Na ce ai ban taɓa mata komai ba, murya kawai na ara. Da aka fara cewa Dada ta iya waƙa, sai abin ya yi mini daɗi, na yi shiru. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ran sunan nan na dubi jaririn Bilkisu, goshinsa sak na yaron, sai sunan ya kuɓuce mini. Ina na san akwai ƙadangare a bayan labule?"

"Ƙadangare kuma? Da nake ango?"

"An rage maka matsayi."

Mansir ya zaro wayarsa. Ya buɗe shafinsa ya dubi lambar masu kallon nan da ya kwana uku yana nuna wa duk wanda ya shigo shago. Tun da ya buɗe shafin bai taɓa ɗora abin da mutum ɗari biyu suka kalla ba. Yatsansa ya tsaya a sama.

"In na goge, shi ke nan na koma Mansir mai gyaran waya."

"Da can Sarkin Makka ne kai?"

Ya danna. Ya juya mata fuskar wayar.

"Ga shi. Na goge."

"Ta fita daga garin ke nan?"

"Daga wurina dai."

"Na ɗan situdiyon fa?"

"Zan je in same shi. In ya ƙi, in kai ƙara wurin 'yan ƙungiyar."

"Waɗanda ka guje wa cikin albasa?"

"Su. Zan yi wanka tukuna."

"Na kekunan fa? Na memorin da ka tura wa mutane da hannunka?"

Mansir ya sunkuyar da kai.

"Wannan kam, Dada, ko ni da na sake ta ban san inda ta kai ba. Wani ya tura wa wani, wani ya tura wa goma. Jiya wani ya ce ya ji ta a Azare."

"Magana zarar bunu. Da na sani ƙeya ce, ango, ni da kai duk a baya muka bar ta."

Ta dafa ƙasa ta yunƙura, gwiwa ta yi ƙara. Ta jawo mayafinta daga igiya.

"Ɗauki kwanon."

"Ina za mu?"

"Gubi. Ka taɓa ganin an ba da haƙuri ta hannun mai keke? Zumunci a ƙafa yake. Ni zan durƙusa in ce na ci amana, kai ka durƙusa ka ce kai ne ƙadangaren."

"In ta kore mu fa?"

"Mu dawo Juma'a mai zuwa."

"In ta sake?"

"Ai ka ce ba na mutuwa. Ina da lokaci."

"To sifikar fa? Sabuwa ce, don ke na saya."

"Bar ta nan. In ta iya karatun Alƙur'ani mu zauna lafiya, in ba ta iya ba in ba kaji su yi ƙwai a kai."

Suka fito bakin titi, Mansir rungume da kwano kamar mai kai kayan gara, tsohuwa na binsa tana mita wai yana tafiya kamar raƙumin da aka ɗaura wa takalmi. Ya ɗaga hannu, wani keke ya tsaya. Tun kafin ya gama tsayawa suka ji ta. Kiɗan na dukan ledar keken, muryar Dada na fita ta bayan kujera.

Dada ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Gubi," in ji Mansir. "Amma don Allah malam, kashe wannan."

Mai keken ya waiwayo.

"Haba yallaɓai, ita fa ake yayi. Hajiya, ke ba ki san ta ba? Wata tsohuwa ce ta yi, an ce ma ta fi shekara ɗari."

"Ɗari da ashirin," in ji Mansir. "Na san ta, mummuna ce ƙwarai." Ya ji an mintsine shi a cinya. Sai ya sassauta murya. "Malam, waƙar nan ba ta rawa ba ce. Wata uwa ce ta yi wa ɗanta da ya rasu yana ƙarami. Tana nan da ranta, kuma ba ta yarda a fitar ba. Ni na ɗauka a ɓoye na watsa. Ka taimake ni ka goge ta."

Mai keken ya sake sauraron baitin, kamar yau ya fara jin kalmomin.

"Na ɗaga zane ba kowa," ya maimaita a hankali. "Innalillahi. Wallahi ban taɓa lura ba, ni kiɗan nake bi. Ni ma na binne ɗiya bara." Ya zare wayarsa daga jikin sifika ya miƙo baya. "Goge da kanka, ni ban iya ba."

Mansir ya goge ya mayar masa. Keke ya ɗau hanya, babu abin da ake ji sai ƙarar inji da kwanon da ke ƙwanƙwasa gwiwarsa in an faɗa rami.

Sun wuce gidaje sun fara ganin gonaki kafin Dada ta yi magana.

"Ɗaya ke nan. Saura nawa?"

"Dubu talatin da tara da ɗari tara da casa'in da tara."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun hantsi, har haƙora ukun da rabi suka bayyana, har ta share ido da bakin mayafi. Ko hawayen na dariyar ne ko na wancan ne, Mansir bai tambaya ba.

"Na sallama, tsohuwa," ya ce. "Kin ci ni. Ni ne ɓarawon."

"Mu ne. Kai dai ka fi ni kayan aiki." Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro fari guda, ta ɓare, ta dubi ɓarin biyu, ta miƙa masa babban. "Ungo. Na mayar da kai ango, amma na gwaji. Ci, aikin da yawa. In kwanon nan ya dawo da ko barkono guda a ciki, zan rera maka wata, tawa ta kaina, wadda na yi wa kakanka ranar da saniya ta tunkuɗa shi cikin rafi."

"Allah? Bari in cika caji."

"Wayarka kuma tana cikin randa, an rufe da faifai, na zauna a kai."

Daga nesa rufin gidan Christiana ya fara bayyana, ga hayaƙin kasko yana tashi a ƙofar gida, alamar tana nan. Mansir ya gyara riƙon kwanon.

Wanda ya ba ni labarin a nan ya rabu da su, bai ga abin da ya faru a ƙofar ba. To kai da ka zauna ka ji, in kai ne Christiana, ga tsohuwar ƙawa durƙushe, ga jikanta durƙushe, ga sunan ɗanka yana yawo a kekunan gari ba ranar dawowa, za ka kwance ƙullin nan, ko za ka sake cewa ka ƙoshi?